Duwatsu Biyu a Cikin Ciyawa

Ƙanina gola ne, kuma duk bala'in daga nan ya taso. Tun yana firamare a Kano babu abin da ya iya kamar ya tsaya tsakanin takalma biyu yana yi wa manyansa tsawa. Da aka turo shi Kuala Lumpur karatun kwamfuta sai aka haɗa shi da ni a gida ɗaya a Sri Petaling. Ni ina shekarar ƙarshe a karatun lauya, ina kuma dafa wa ɗalibai tuwo da miyar kuka suna yin tapau, wato su ƙunshe su tafi da shi. Korona ta zo ta kulle mu tare. Wallahi a watannin nan na san yaron fiye da yadda uwar da ta haife mu ta san shi. A bangon falo yake buga ƙwallo, har maƙwabcinmu na ƙasa ya riƙa dukan silin ɗinsa da sandar tsintsiya.

Da aka sassauta kulle a shekara ta biyu, aka ce an yarda a motsa jiki a waje, ranar ko karyawa bai tsaya yi ba. Akwai wani babban lambun shaƙatawa kusa da mu, mai tafki da tudu da hanyar masu gudu, can bayansa kuma da wani shimfiɗaɗɗen fili mai ciyawa wanda ba kowa ke zuwa ba. Nan shi da abokansa suka mayar filin ƙwallo. Ya dawo yana washe baki, wai Allah ya ajiye masa raga: wasu duwatsu biyu masu sulɓi a nutse cikin ciyawa, tazararsu daidai ƙaramar raga, ba sai an cire takalmi an ajiye ba. Na ce masa Allah ya sanya alheri, ya wuce ya yi wanka, yana wari.

A kasuwar Chow Kit nake sayen kayan miya. A bakin kasuwar, inda ruwan kifi ke gangarowa, wata tsohuwa ke zama da farantinta: tsiron gora, zuma a kwalbar lemo, da wani koren wake mai wari da mutanen nan ke so. 'Yar Orang Asli ce, mutanen da suke ƙasar tun kafin a san za a yi gari a wurin. Nenek nake ce mata, wato kaka, ita kuma ta ce min anak, wato ɗiya. Malay ɗina na ciniki ne, nata kuma gauraye da yarensu, amma mun saba har takan ɓoye min zuma mai kyau a ƙarƙashin zane.

Bayan kulle na same ta ta rame, idanunta sun faɗa. Korona ta kashe ɗanta. Masu fararen kaya suka ɗauke shi suka binne, ko fuskarsa ba ta gani ba. Amma abin da ya hana ta barci, in ji ta, shi ne uwarta ba ta sani ba. Na ɗauka ban ji daidai ba, don ita kanta Nenek ta kusa tamanin. Ta yi min bayani a hankali. Ƙauyensu a da yana inda lambun nan yake, aka tashe su tana amarya, aka bar matattunsu a ƙasa. A al'adarsu sau ɗaya a shekara ake zuwa wurin kakanni, a share kabari, a ajiye shinkafa, a kunna turare, a gaya musu abin da ya faru a gida. Shekara da shekaru ba a barinsu su shiga da abinci da wuta. Yanzu tana so ta durƙusa a kan uwarta ta gaya mata cewa jikanta na tafe, ta karɓe shi, kada ya yi ta yawo bai san kowa ba.

Ba addinina ba ne, kuma ban yi kamar nawa ne ba. Amma na tsaya riƙe da ledar attarugu ina hawaye kamar sakarya.

A lokacin maganar ta riga ta kai kotu. Mutanen Nenek sun roƙi a rufe musu lambun na kwana uku, masu kula da wurin suka yarda, sai wasu mazauna unguwar masu gudun safe suka ɗauki lauya suka ce ba su yarda ba. Kafin a yanke hukunci aka yi sulhu na wucin gadi: a gwada sau ɗaya, amma idan aka sami rigima ko guda, an soke, kuma ba za a sake ba. Nenek ta san wannan sharaɗin sarai. Ta ce ta tara samarinsu ta gargaɗe su, ko tofa musu yawu aka yi su goge su wuce.

Malaminmu na dokar ƙasa bai bari maganar ta wuce shi ba. Karatu duk ta kwamfuta ake yi a lokacin, ya raba aji biyu, ni na faɗa ɓangaren masu cewa kada a rufe. Ni kuwa idan aka ba ni ɓangare ba na wasa. Na zauna a falo na ɗaga murya: lambu na kowa ne, da harajin kowa ake share shi, doka ba ta tambayar wa ya riga wa zuwa. In an rufe wa waɗannan yau, gobe wa za a hana? Mutanen da suka yi watanni a ɗaki kamar akurki, su kuma ina haƙƙinsu na shan iska? Sai wata 'yar ajinmu, siririyar Ba'indiya mai sanyin murya, ta karɓa. Ta ce ana rufe lambun nan don tseren gudu, ana rufe shi don ɗaukar fim, ba wanda ya taɓa zuwa kotu. Ta ce katangar ce ta zo ta sami mutanen nan a wurin. Ta ce wanda aka ƙwace wa ƙasa gaba ɗaya ya dawo yana roƙon kwana uku, a ce masa ya yi layi da mai gudun rage tumbi, wannan ba shi ake kira daidaito ba. Ta yi min kaca-kaca, na kashe makirufo na ce kai, yarinyar nan ba ta da mutunci.

Matsalar ita ce abin sauraro yana kunnena. Ƙanina na kwance a kujera yana danna waya, ɓangarena kawai ya ji.

Duk wanda ya buga ƙwallon unguwa a Kano ya san wata ɗabi'a. Idan babban wasa ya matso, gola kan je da sassafe ya duba ragarsa, ko abokan karawa sun binne laya ko ƙwai ko wani ƙulli. In ya samu sai ya tone, ya watsar, ya yi fitsari a wurin, wai shi ke karya asirin. Yaran da ke sallah biyar ne fa ke wannan, kuma ba ka isa ka raba su da shi ba. To, su ƙanina suna da wasa da yaran 'yan kasuwar Chow Kit washegarin ranar da za a buɗe lambun. Da yammacin jajibirin rufewa wani abokinsa ya leƙa ta katanga ya hango mutane da kwanduna sun durƙusa daidai ragarsu. Ya bugo waya yana haki, wai 'yan Chow Kit sun sayi mai gadi, an yi musu aiki.

Na ji su. Na fito daga kicin da ludayi a hannu na ce, "Ka taka lambun nan kafin a buɗe, wallahi sai na karya ka. Masu wurin ne suka zo wa matattunsu."

Ya ce, "Haba Yaya, matattu a ragata? Kuma ai ke kika ce na kowa ne. Da kunnena na ji. Doka fa."

"Aikin aji ne, ɗan banza!"

"To, relax lah," in ji shi da Turancin 'yan garin nan, ya shige ɗaki.

Da na idar da sallar asuba na ga ƙofarsa a buɗe, safar hannunsa ta gola ba ta kan ƙusa. Na zari hijabi da takunkumi na fita da silifas.

A bakin ƙofar lambun na tarar da su Nenek suna shiga. Ba su da yawa, tsofaffi da mata da 'yan samari, kowa da takunkumi, wasu da saƙaƙƙen ganye a ka, kwanduna a rataye jikin sandunan gora. A wajen katanga masu gudun safe sun tsaya cikin gajerun wanduna, wayoyi a sama, suna jiran abin da zai faru. Nenek ta hango ni, fuskarta ta washe. Ta ɗauka karramawa na zo yi mata. Ta kama hannuna ta ce wa mai gadi ɗiyarta ce, ya bar ni na wuce. Na buɗe baki in gaya mata, duk Malay ɗin da na sani ya gudu, babu abin da ya rage min sai farashin albasa.

Muka zaga bayan tudun, filin ya bayyana. Innalillahi. Jiya da yamma sun share ciyawar da ke kewaye da duwatsun nan biyu, sun wanke su, sun shimfiɗa ganyen ayaba a tsakani, sun jera shinkafa da ƙwai da wani ganye da suke taunawa kamar goro da ɗan kaskon turare. Dutse ɗaya a kai, ɗaya a ƙafa. Duk watannin nan a kan uwar Nenek ƙanina yake tsayawa yana tsalle. Yanzu shi da abokansa huɗu sun tsallako katanga, abokan sun yi fatali da komai da takalman ƙwallo, shinkafa ta watsu cikin ciyawa, kaskon ya fashe. Shi kuwa ya tsuguna a tsakiya, ya ba mu baya, yana fitsari.

Na ƙwalla masa kira. Ya waigo yana dariya, ya ɗauka 'yan Chow Kit ne suka zo ganin asirinsu ya karye.

Nenek na da jika, ɗan mamacin nan, ƙaton saurayi mai kai saƙon abinci a babur. Ya zame kwandunan daga sandar gorar da ke kafaɗarsa, ya tafi da gudu. Nenek ta yi ihu, ta kama gefen rigarsa, rigar ta yage a hannunta. Ƙanina ya miƙe yana jan wando, ya ɗaga hannu ya tare kamar ƙwallo ce ke zuwa. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Hannun ya lanƙwashe a inda babu gaɓa, ya faɗi yana wani irin kuka da ban taɓa jin ya yi ba. Jikan ya sake ɗaga sandar ya sauke masa a haƙarƙari, ya sake a baya, ya sake, gorar ta tsage tana yanka duk inda ta sauka.

Sai abokan suka rufe shi. Samarin Orang Asli suka zubar da kwanduna suka shigo. Daga nan ba zan iya cewa ga wanda ya bugi wane ba. Na ga takalmi mai ƙusoshi ya sauka a cinyar wani dattijo. Na ga an kama kan wani abokin ƙanina ana buga shi da ƙasa, bakinsa cike da laka. Na faɗa cikinsu ina ja ina zagi da Hausa, "Ku bari! Ku bari, 'yan iska, za ku yi kisa!" Gwiwar hannun wani ta same ni a baki, na ji gishirin jini ya cika takunkumina.

An yi ruwa da dare, ƙasa ta yi laushi, kuma sharar da aka yi jiya ta tone gindin duwatsun. Yaron nan da ya bugo waya, shi ya durƙusa ya cusa yatsu ya ciro dutsen kai. Ya ɗaga da hannu biyu ya sauke wa jikan Nenek a gefen fuska. Haƙora suka zubo a ciyawa. Ƙaton saurayin nan ya durƙushe, muƙamuƙinsa ya koma gefe, jini na bulbulowa ta cikin yatsunsa. Wani daga cikin nasu, ganin haka, ya finciko dutsen ƙafa ya wurga. Bai sami kowa ba, ya gangara can cikin laka.

Nenek ba ta taɓa kowa ba. Ta kwanta rub da ciki a tsakanin ramukan biyu, ta baza hannuwa, tana kare wurin da jikinta. Ana ta turmutsutsu a kanta. Da idona na ga an taka mata yatsu, ba ta janye ba. Masu gadi suka iso da kulake suna dukan duk wanda ke tsaye, sannan jiniyar 'yan sanda. A jikin katanga wayoyin nan duk suna sama, ko ɗaya ba ta sauka ba.

A asibiti ba a barin 'yan jinya su shiga saboda korona, don haka a wurin ajiye motoci na zauna da kumburarren leɓe. An karɓi bayanin yaran, an riƙe fasfo ɗinsu. An ɗora wa ƙanina hannu, jikan Nenek kuma aka ce sai an ɗaure masa muƙamuƙi da waya. Can sai ga Nenek ta nufo ni, yatsu biyu a naɗe da bandeji. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa a kan kwalta na ce, "Nenek, ƙanina ne. Uwarmu ɗaya."

Ta ce ta sani, ta ga kamanninmu. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ce ba za ta iya yi wa uwarta magana a kan ƙazanta ba, kuma wanda ya ɓata wurin shi zai wanke da hannunsa, kafin kwanakin su ƙare. Na ce ni zan wanke, yanzu ma. Ta kalli hannuwana ta girgiza kai. "Tak boleh, anak," ta ce. Ba zai yiwu ba, sai shi.

Da aka sallamo shi na gaya masa. Yana kwance, hannu a farin filasta, baya duk shatar gora. Ya ce, "Allah ya kiyaye. Ni Musulmi in je in wanke wurin tsafi? Shirka kike so in yi? Sun karya min hannu kuma in bi su da bokiti?"

Na ce, "Lokacin da kake fitsari don karya asiri, a wane littafin ka karanta? Najasa ka zuba a kan kabarin uwar wani. Wanke najasa ne shirka?"

"Ban san kabari ba ne."

"Yanzu ka sani."

Ya juya min baya. Na yi masa magana da lalama, na yi da kuka, na ce ya tuna kabarin babanmu a Kano, ya ce kada in haɗa babanmu da arna. Nan na rasa kaina. Na ɗauko muciyar tuwo na sauke masa a cinya, na ƙara masa a ƙafa, yana ihu yana kare karyayyen hannun, ina dukansa ina cewa yau sai dai uwarmu ta rasa ɗa. Maƙwabcinmu na ƙasa ya yi ta dukan silin. Ban daina ba sai da muciyar ta karye. Haka kwana na biyu ya tafi a banza, ni ina kuka a kicin, shi yana kuka a ɗaki.

Da safiyar rana ta ƙarshe na fito na same shi a tsaye a falo, riƙe da bokitin wanki da hannunsa mai lafiya. Bai kalle ni ba. Ya ce, "Mu je, kafin in canza ra'ayi."

Ƙofar lambun a wangale muka same ta. Hoton faɗan ya zaga ko'ina, lauyan masu gudu ya kai shi inda ya kamata, an soke sulhun tun jiya. Mutane na ta shiga da karnuka da kekunan yara. Nenek na tsaye a gefen titi ita kaɗai da kwandonta. Mai gadi ya ce za ta iya shiga kamar kowa, amma ban da abinci, ban da wuta. Ta ajiye kwandon a gindin katanga. Ya leƙa bokitin ƙanina, ya ga ruwa ne, ya ɗaga kafaɗa.

Muka zaga bayan tudun, muka tsaya. 'Yan sanda sun tafi da duwatsun a matsayin shaida. Ma'aikatan lambun kuma, don kada a ga jini da laka, sun baje duk inda aka yi faɗan, sun shimfiɗa sabuwar ciyawa tun daga gindin tudu har kusa da katanga. Ko'ina kore, ko'ina ɗaya.

Nenek ta cire takalmanta ta shiga tana lalube da tafin ƙafa. Ta tsaya nan, ta kalli tudun, ta matsa gaba. Ta dawo baya. Ƙanina na bin ta da bokiti, ruwa na zuba a wandonsa. Ta daɗe tana yi, sannan ta juyo ta yi masa magana kai tsaye, na fassara masa: "Ta ce kai da kake tsayawa a wurin kullum, ina ne?"

Ya ajiye bokitin. Ya tafi tsakiyar filin ya ɗan ranƙwafa yadda yake yi a raga, ya kalli fitilar hanya, ya kalli katanga. Ya matsa hagu. Ya matsa dama. Ya koma baya, ya sake ranƙwafawa. Sai na ga kafaɗunsa sun fara rawa.

"Yaya," ya ce, "wallahi ban sani ba."

Ban fassara ba, ta gane. Ta sauke takunkuminta zuwa haɓa, ta fuskanci filin gaba ɗaya, ta ɗaga murya iya ƙarfinta kamar mai kiran wanda ya ɓace a kasuwa. Da yarensu take yi, ban ji komai ba sai sunan ɗanta. Ta faɗa ta gabas, ta juya ta sake faɗa ta wajen tudu, ta juya wajen katanga, muryar na tsagewa. Wasu masu gudu biyu suka rage sauri suna kallon tsohuwar da ke yi wa ciyawa ihu, sannan suka gyara abin kunnensu suka wuce.